Ɓawon da Ya Saura a Jikin Ɓauren Kaka

Dakoro, farkon damina

Zuwa ga ƙanena Saminu, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƴan'uwa da fatan alheri, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya da rufin asiri, kai da mai ɗakinka Suwaiba da yara gaba ɗaya. Allah ya tsare ku a ƙasar mutane, ya sa albarka a cikin nemanka, ya maido mana da kai gida muna da rai. Idan ka tambayi lafiyarmu, sai godiya. Yaya Uwale tana nan da ciwon gwiwarta, amma bakinta lafiya lau yake, ba ta fasa yi wa kowa faɗa ba. Ɗiyata Haula ta sauka lafiya, an samu namiji, an kuma mayar da sunan Baba, Allah ya jiƙansa. Ruwa ya sauka sosai wajen Korahane har sun yi shuka. Mu nan yayyafi muka samu, ƙasa ta yi sanyi amma ba ta kai ta shuka ba, muna dai ta duban gabas. Bisashe sun sha wuya a bazarar bana, sai dai ba mu yi asara a gidanmu ba.

Bayan haka, ka san tun da salula ta shigo ban ƙara rubuta maka takarda ba. Na koma ga alƙalami ne saboda ranar da muka yi magana ta ƙarshe ka ɗaga murya, ni ma na ɗaga, sannan ka kashe tun ban kai ƙarshen zancena ba. A shekaruna ban saba a katse mini magana a baki ba, balle daga wanda na goya a bayana. Takarda ba ta da wurin kashewa. Ka samu wuri ka zauna ka karanta ta har ƙarshe. Raina a ɓace yake, Saminu, ba zan ɓoye maka ba, kuma dalilin guda ne: ɓauren Kaka na bakin rijiyar garka yana tsakanin rai da mutuwa, da hannun ɗanka Amiru da ke nan gida, bisa umarninka.

Tunda ka ce mini icce ne kamar kowane icce, ya zama dole in tuna maka abin da ka sani. Lokacin da Kaka ya baro gulbin Maraɗi ya yo arewa neman ƙasar noma, cikin kayan da ya ɗora wa jakinsa har da sanda ɗaya ta ɗanyen ɓaure, naɗe cikin jiƙaƙƙiyar tabarma. Duk zangon da ya sauka, sai ya fara jiƙa tabarmar kafin shi ya sha. Mutanen da ya iske a nan sun yi masa dariya, suka ce ɓaure iccen fadama ne, ba ya zama a cikin rairayi. Shi kuwa ya kama aikinsa. Ya haƙa rijiya, ya kafa sandar a inda ruwan kwamin shayar da bisashe yake malala, ya kewaye ta da ƙaya. Yau daga nan har Birnin Lalle ka gaya mini ɓaure nawa ka sani mai girmansa. Mutum uku suke haɗa hannu kafin su kewaye gindinsa.

A yunwar saba'in da uku kana ƙarami, amma ba ƙaramin da zai manta ba. Rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Inna, Allah ya jiƙanta, ita ce take shimfiɗa tabarmi a gindin iccen nan, mu tsince ɗiyan ɓaure, ta tsaga su, ta shanya, ta daka da ɗan abin da ya samu na dusa, ta dama mana. Tohon ganyensa kuma ta dafa ta yi kwaɗo, wata rana da ƙuli-ƙuli, wata rana gishiri kawai. Kai ne mai hawa can sama kana haɗiye ɗiyan ba ka tsaga ba, ba ka hure ƙwarin da ke ciki ba, Inna tana daga ƙasa tana yi maka tsawa tana cewa cikinka zai zama gidan ƙwari. Da makero ya cinye maka rabin kai har yaran makarantar lekol suna gudunka, nonon ɓauren nan Yaya Uwale ta riƙa tatsowa a ƙoƙo tana shafa maka har gashi ya dawo. Ba gori nake yi maka ba, domin ni ma abin da na ci ke nan. Ina so ne ka san ko jikin wa aka sa wa gizago.

Ka kuma san yadda ake ɗibar ɓawo a gidanmu, domin rana ɗaya Baba ya koya mana, ni da kai, kana tsaye a damansa. Mai tari, ko mai ciwon ƙirji, ko wanda zawo ya kama ɗansa, yakan zo ya yi sallama ya faɗi bukatarsa. A sassaƙo masa faɗin tafin hannu, tsawon kamu ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, ba a gicciye ba. Sai a kwaɓa laka da kashin shanu a shafe ciwon. Daga nan kuma sai jira. Ba mai sake kai ƙarfe jikin gindin sai bakin ciwon ya haɗe, ko da zai ci damina biyu. Wanda ya zo a tsakanin nan sai a ba shi ganye, ko ɓawon reshen da iska ta karya, a ba shi haƙuri. Baba ya ce lakar kowa zai iya shafawa, jiran shi ne aikin. Kuma tun daga Kaka har zuwa bara ba a taɓa karɓar ko ƙwayar goro a kan maganin iccen nan ba.

Ban san lokacin da ka fara ƙulla sassaƙe a leda kana sayarwa a can ba. Daga baya ne aka nuna mini ledar, da hoton iccenmu manne a jikinta, da rubutun Faransanci mai cewa yana maganin cututtukan da ban taɓa jin Inna ta ambata ba. Abin da na sani yanzu shi ne, tun bayan girbi ka fara kiran Amiru kana cewa ya aiko maka. Ya je ya ɗiba ta gabas, ya shafe da laka. Ka sake kira, ya ɗiba ta yamma, ya shafe. Ka ce masu saye sun yi yawa, ya koma ta kudu, ya koma ta arewa, kowane zuwa yana ƙara faɗi, kowane zuwa yana shafe wurin da laka sumul, har da bin ta da tafin hannu don ta yi kyau. Lakar nan ita ta rufe mana ido. A wurinmu, in ka ga laka a jikin ɓaure, alama ce mai hankali ya wuce ta nan. Mata suna zuwa ɗibar ruwa suna gani, masu garka suna gani, kowa yana cewa madalla da masu kula da icce. Ashe abin da Baba ya koya mana don warkar da ciwo shi aka mayar mayafin ɓarna.

Da bazara ta tsaya, sai ganye ya fara rawaya yana zuba ba lokacinsa ba. Ɗiyan suka riƙa faɗowa ɗanyu, ko awaki ba sa ɗauka. Tsuntsayen da suka saba damun mutane da kuka tun da safe suka yi ƙaura. Muna cewa ko zafin bana ne ya yi yawa. Ana haka sai ga Intalla, Buzun nan makiyayi, ya iso daga wajen Azagor da garken awakinsa. Ka san alkawarin da ke tsakanin kakansa da namu: su sari ganyen ɓaure in rani ya matsa, domin yana hana nonon awaki ƙafewa, su kuma su kwantar da bisashensu a gonarmu bayan girbi su bar mana taki, su kawo wa tsofaffi cuku. Ba a rubuta ba, ba a kuma taɓa saɓawa ba. Na raka shi garka da kaina. Da ya ɗaga kai ya ga rassan, sai ya fara tsokanata kamar yadda ya saba, ya ce ashe mun yi wa tsoho aski ba mu gayyace shi ba, ya ce Bahaushe in ya rasa abin sayarwa har gashin kakansa sai ya kai kasuwa. Na yi dariya, ban san gaskiya ya faɗa ba. Yana cikin wasan ya kai wa lakar duka da sandarsa. Sai ta ɓallo kamar katangar tukunya, farin icce busasshe ya bayyana, ba ɓawo ko kaɗan.

Daga nan ba wanda ya ƙara dariya. Intalla ya riƙa kewayawa yana bugawa, laka tana zuba, ni ina biye da shi, duk inda ta zuba farin ƙashi ne. An kewaye gindin kaf. Wuri ɗaya ne ya tsira, can inda iccen ya jingina da ginin bakin rijiya, inda gizago ba ya shiga. Na sa hannu na auna: faɗin yatsa biyu. Duk wannan ƙaton icce, da rassansa da suke rufe rabin garka, ta wannan siririn ɓawo yake riƙe da ransa. Intalla ya ja rawaninsa ya rufe har hanci. Da na ce ya sari abin da ya samu na ganye tunda ya yi tafiya mai nisa, sai ya ce shi ba ya cin abinci a kwanon majinyaci. Ya kaɗa awakinsa da yunwarsu ya juya. Na ji labari daga baya nonon wasu ya ƙafe, ƴan awaki sun mutu masa. Tun zamanin kakanni, wannan ne karo na farko da mutanen gidansu suka zo gindin ɓauren nan suka koma hannu wofi, kuma a zamanina aka yi, ina tsaye.

Yaya Uwale da ta ji, cewa ta yi a ɗora ta a amalanke a kai ta. Ta sauka da ƙyar, ta dafa farin iccen da tafinta, ta ce ko ragon layya sai an yanka shi ake feɗe shi, wannan kuwa da ransa aka feɗe. Ta sa aka kira Amiru, ta tambaye shi ko lakar da ya shafa likkafani ce, in kuwa ita ce, me ya sa bai kira mutane salla ba. Ban taɓa ganin ta yi fushi babu hawaye ba sai ran nan.

Na zaunar da Amiru a zaure, ni da shi. Bai yi mini ƙarya ba, wannan na yaba masa. Ya ce ya yi yadda ya ga ana yi: daga sama zuwa ƙasa, sannan laka. Ya ce a karo na uku hannunsa ya yi sanyi, ya gaya maka wurin bai warke ba, kai kuma ka ce masa icce mai wannan girma ba zai ji ba, ka ce mutane sun riga sun ba da kuɗinsu suna jira, ka tambaye shi ko shi ne ubanka ko kai ne ubansa. Magidanci mai ɗiya biyu ya zauna a gabana yana share hawaye da hannun riga. Yanzu ba ya zama majalisa. Samarin tasha sun sa masa suna wanzamin ɓaure, in ya wuce sai wani ya tambaye shi ko akwai sauran aski. Kai ka jefa shi tsakanin umarnin uba da kunyar gari, kana can inda ba mai nuna ka da baki. Shi laka ya gani ana shafawa tun yana yaro, bai san dalilinta ba. Kai ka san jiran. A gabanka aka faɗa.

Yanzu bari in amsa maganganun da ka yi mini ta salula, tunda ba ka tsaya ka ji amsa ba. Ka ce kai ma kana taimakon gida, ka ce buhun hatsin da ake ci da rani ba daga sama yake faɗowa ba. Gaskiya ne, ban taɓa musu ba, kuma Allah ya saka maka. Amma ba mu san cewa da fatar ɓauren Kaka ake biyan na bana ba. Da mun sani, da mun gwammace mu koma ga kwaɗon tohonsa kamar yadda muka yi a da, mu bar shi da ransa. Ka ce mutane suna samun sauƙi a can. Ina fatan haka ne. Sai dai ka sani, Haula ta yi tari mai tsanani bayan haihuwa, Yaya Uwale ta so ta dafa mata ɓawo kamar yadda aka yi wa kowace mai jego a gidan nan, aka rasa inda za a ɗiba. Sai farmasi muka je. Ita, jinin wanda ya dasa iccen, ta rasa faɗin tafin hannu, alhali buhu-buhu ya tafi bakin teku.

Sannan ka ce rabin iccen naka ne ta hanyar gado, kana da ikon yin yadda ka so da rabonka. Wannan maganar ita ta fi yi mini ciwo, domin kana wurin ranar da aka yi rabo bayan rasuwar Baba. A gaban liman aka raba gonaki, aka raba bisashe, aka raba gida. Da aka zo kan rijiya da ɓaure, Yaya Uwale ta tuna wa kowa wasiyyar Baba, cewa waɗannan biyu sadaka ce ga Kaka, duk mai ƙishirwa ya sha, duk mai ciwo ya ɗiba da ƙa'ida. Kowa ya ce ya yarda, har da kai. Ba ni da rabi, ba ka da rabi. Ni mai tsaro ne kawai domin ni na zauna a gida. In ma a ce kana da rabi, ina so ka nuna mini yadda ake kashe rabin icce a bar rabi, tunda gindi ɗaya ne.

Akwai waɗanda suka ba ni shawara in kai magana biro, wato ofishin ma'aikatan gandun daji. Ban je ba, ba kuma zan je ba. Sunan da za a kira a can na Amiru ne, ba naka ba, kuma ban kai shekarun nan don in tsaya a gaban hukuma ina ƙarar ɗan ƙanena ba. Abin da muka yi shi ne abin da za mu iya. Mun sake kwaɓa laka mai kyau mun rufe farin iccen don kada rana da gara su gama shi, mun naɗe da tsofaffin buhuna. Mun kewaye gindin da ƙaya, musamman wajen ɓawon da ya saura, don ko akuya kada ta goga ƙaho a wurin. Mun rage manyan rassa domin nauyin ya yi daidai da ƙarfinsa. Amiru ne yake jan guga safe da yamma yana zuba masa, ba wanda ya sa shi. Daga rassan da muka sare mun yanki sanduna masu kauri kamar damtse. Mun kafa wasu a garka, an kai ɗaya masallaci, na aika wa Intalla da ɗaya ya kafa a bakin rijiyarsu tare da ban haƙuri. Da yayyafin nan ya sauka, reshen da yake saitin ɓawon da ya tsira ya fitar da toho, ƴan ganye jajaye kamar kunnen ɓera. Ban ce zai rayu ba. Wannan sanin na Allah ne. Amma yana ƙoƙari, kuma duk wanda ya je rijiya yanzu sai ya ɗaga kai ya duba reshen nan kafin ya jefa guga.

Muna cikin wannan hali, muna lallaɓa shi kamar tsohon da ya tashi daga jinya, sai ga Tanimu direba ya sauka a tasha da buhunanka wofi da saƙonka. Wai tunda iccen mutuwa zai yi ko ta yaya, a kankaro ɓawon da ya saura kada ya lalace a banza, a kuma tono saiwa, domin ta fi daraja a wurin masu saye. Saminu, na karanta abubuwa da yawa a rayuwata, na kuma ji maganganu iri-iri daga bakin mutane, amma ban taɓa jin mai munin wannan ba. Ana gaya maka majinyaci ya buɗe ido, kai kana aiko da masu auna kabari. Tanimu kansa da ya ga iccen kunya ta kama shi, ya ce shi ɗan aike ne, da ya san abin da yake ɗauka ke nan tun farko da ya ce motarsa ta cika.

Abu ɗaya ya sanyaya mini rai a ranar. Amiru ya tarbi Tanimu a tasha, ya karɓi saƙon, bai nufi garka ba. Gidana ya kawo shi. Ya ajiye buhunan a gabana, ya ajiye gizagonsa a kansu, ya ce in yi masa rai in shiga tsakaninsa da mahaifinsa, domin ba zai iya saɓa maka ba, ba kuma zai iya komawa jikin iccen nan da ƙarfe ba. Na ce ya tashi, daga yau maganar ta bar wuyansa ta dawo nawa. Saboda haka kada ka kira shi ka yi masa faɗa. In akwai faɗa, ga ni. Ni na hana, ni yayanka, kuma na hana ne har abada, ba sai wani lokaci ba.

Ga abin da nake nema daga gare ka. Ka kira ɗanka ka gaya masa da bakinka cewa ka sauke masa wannan umarni, domin ya samu barci. Ka aika wa Intalla da gaisuwa da ban haƙuri da sunanka, ba da nawa ba, tunda awakinsa ne suka biya abin da ba su ci ba. Ka cire hoton iccenmu daga jikin ledarka. Idan kuwa ka bi ta bayana ka sa wani ya taɓa yatsa biyun nan, ba zan kai ka ko'ina ba, ba zan kuma yi maka baki ba, Allah ya kiyaye. Amma ranar da ka dawo Dakoro zan shimfiɗa maka tabarma a zaure, in sa a kawo maka ruwa, in gaishe ka yadda ake gaida baƙo. Ka san ni, ka san ba na faɗin abin da ba zan yi ba.

Buhunanka suna hannun Tanimu, zai mayar maka da su. Duka wofi ne sai ɗaya. A cikinsa akwai sanda, na zaɓo maka wadda ta fi kowace lafiya, daga reshen da kake hawa kana yaro. Na naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, na roƙi Tanimu ya riƙa yayyafa mata ruwa duk inda suka tsaya, ya ce ya ɗauka. Tunda ka ce kana da rabo, to, wannan shi ne rabonka, kuma daidai yake da abin da Kaka ya fara da shi. Shi a rairayi ya kafa tasa, yana jan ruwa da igiya. Kai kana ƙasar da ruwa yake zuba har mutane suna kuka da shi.

Ka haƙa rami zurfin kamu ɗaya, ka zuba toka a ciki saboda gara. Gefen da na shafa wa gawayi shi ne ƙasa, kada ka kafa ta a juye. Ka taka ƙasar da kyau har sandar ta daina motsi. Kada ka sa ta kusa da bango ko masai, domin saiwar ɓaure tana fasa gini. In gidan da kake haya ba fili, ka roƙi mai gidan, ko ka nemi wuri a harabar masallacinku, ba za a hana ka ba. Ka kewaye ta, ka ba ta ruwa da hannunka, kada ka wakilta yaro. Za ta zubar da ganyen da ta zo da shi, ta tsaya kamar busasshiya har ka fid da rai, kada ka tuge ta don ka duba. Ka jira. Ranar da gindinta ya kai inda hannuwanka biyu ba sa haɗuwa in ka rungume ta, ka ɗauki gizago ka sassaƙa yadda ka ga dama, ba mai hana ka, taka ce. Ina dai so in ji, in Allah ya kai mu, ko hannun da ya yi shekaru yana ba ta ruwa zai iya kewaye ta.

Ka gaishe mini da Suwaiba da kyau, ka ce mata na san ba da shawararta aka yi wannan ba. Ka shafa mini kan Zara da Rashidu, Allah ya yi musu albarka, ya ba su ilimi mai amfani. Ka miƙa gaisuwata ga Alhaji Halidu mai masaukinku da sauran ƴan Dakoro da suke tare da ku. Haula da mijinta suna gaishe ku, haka mutanen gidana duka. Yaya Uwale ta ce a gaida Suwaiba da yara. Kai kuma ta ce gaisuwarka tana nan a ajiye a wurinta, za ta aiko maka da ita ranar da ta ji sandar ta yi toho.

Allah ya shirye mu baki ɗaya, ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka. Fushina da kai bai hana ni yi maka addu'a ba ko sau ɗaya.

Ni ne yayanka,
Badaru

Kada ka bar buhun ya daɗe a tasha. Da zarar Tanimu ya iso, ka je da kanka, ka fara jiƙa shi kafin ka sha.